Farfela Mai Kunne Huɗu

A gungunmu ba a barin mutum a bakin ruwa. Haka muka taso muka tarar. In jirgi zai tashi, ko wanda ba kwa ga maciji da shi ne ya taho da gudu yana ɗaga hannu, sai ka matsa masa ya zauna, in ya so ku ci gaba da gabarku a tsallake. Gungu kuwa, ga wanda bai sani ba, tsibiri ne. Namu yana cikin ruwan Yauri, inda Kwara ta buɗe ta yi faɗi har ido ya gaji bai kai ɗaya gaɓar ba. Mu Sarkawa ne, asalinmu Kabi. Ban taɓa zama a aji ba, amma tun ban kai tsawon filafili ba nake tuƙi, kuma ba na jin akwai macen da ta fi ni sanin ruwan nan.

Abin da ba mu da shi shi ne asibiti. Yana cikin gari, sai an ƙetare. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama, sai a shimfiɗa mata tabarma a jirgin katako, a tayar da ɗan injin nan mai tari, a kama hanya ana salati. Ni kaina a tsakiyar ruwa na haifi autata, tsakanin buhun busasshen kifi da ƙafar ungozoma. Na yi sa'a. Akwai waɗanda aka juyo da su daga rabin hanya an lulluɓe su har fuska, kuma duk na san su, na san iyayensu.

Autar nan ita ta kai ni Guangzhou, can ƙasar Sin. Ta auri wani Bakano mai aikin tura wa 'yan kasuwa kaya, ofishinsa yana benen Tianxiu. Da ta yi haihuwar fari ya kamata ta zo gida wanka, amma hanya ta yi nisa, sai aka ce ni in je. Na ɗaure busasshen ganyen darbejiya da kanwa da yaji na tafi. A can ba murhu, ba itace, ba ƙatuwar tukunya. Da butar lantarki na yi wa 'yata wankan jego, a wani banɗaki da in ka ware hannu za ka taɓa bango da bango. Duk da haka ta gasu, ta sha kunun kanwa, ta yi ɓul-ɓul abinta.

Surukina mutumin kirki ne, ban da abin cewa. Sai dai tsakanina da shi akwai kunya irin ta gidanmu. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Ba na cin abinci yana wurin. In ina da magana da shi sai in gaya wa 'yata, ko da yana zaune a ɗakin, ita kuma ta juya ta maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Gida ɗan ƙut a Sanyuanli, amma haka muka yi zamanmu lafiya lau.

Tun kafin in zo, mutanen gungu sun haɗa kai sun aiko masa ya saya musu fulayin-bot, jirgin nan na roba mai babban inji a gindi, wanda in ya ɗauki gudu yake tasowa ya kwanta a saman ruwa. Ba na haya ba ne, ba na su ba ne. Na kai masu naƙuda ne da wanda maciji ya sara. Ya samo shi a wata ma'aikata a Panyu, an gama komai, saura a sa shi a kwantena a ƙarshen mako. Abin da ya shiga kwantenar nan kuwa ya shiga ke nan, don a gungunmu babu shagon da za ka koma ka ce a canja maka.

Ranar da suka gwada shi ya dawo bakinsa har kunne. Ya miƙa wa matarsa waya, ita kuma ta miƙo mini. Na ga jirgi fari fat yana tsaga ruwa, mutum uku a ciki, shi da Sinawa biyu, riguna sai kaɗawa suke. Daɗi ya rufe ni, ban tsaya wani tunani ba. Nan take na sa aka danna mini wurin magana na aika wa matan gungu saƙo: "Ku gaya wa duk mai ciki ta kwantar da hankalinta. Kafin ta gama cewa wayyo an kai ta." Sannan na ce wa 'yata, "Ki gaya wa maigidan nan ina so in taka jirgin da ƙafata kafin a rufe shi a akwati. Gani ya kori ji."

Da safe muka sauko, shi a gaba ni a baya. A ƙofar bene muka yi kiciɓis da maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar kasuwa daga Maradi mai sarin mayafai da takalma. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, in ta shiga lif sauran mutane sai su jira na gaba. Mutanen Maradi Katsinawa ne, mu Kabawa, wato taubasai, don haka tun ranar da muka haɗu ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba. Tana tare da 'yan tafiyarta mata huɗu, kowacce da ƙatuwar jaka, za su kasuwa.

Ta ce, "Ina za a kai tsohuwar kihi da sassahe?"

Na ce, "Za ni in ga ruwa, abin da ba ku taɓa gani ba sai a ƙasan rijiya. Bismilla."

Bismillar nan irin wadda ake yi wa mai wucewa ce in ana cin tuwo, ba a sa ran ya wanke hannu. Sai Hajiya ta dubi 'yan tafiyarta ta ce, "Kun ji baiwata ta gayyace ni. Kasuwa ba ta gudu. Mu tahi." Suka juyo gaba ɗaya. Surukina ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Ina zai iya korar baƙin surukarsa? Haka muka cika metiro, jirgin ƙasan nan nasu na ƙarƙashin ƙasa, da surutu har Panyu, daga nan aka ɗauki tasi biyu.

Ma'aikatar tana bakin wani reshen kogi, ruwansa kalar shayi mai madara, ga ayaba a ɗaya gefen. Mai kula da injuna wani tsoho ne siriri cikin singileti, hannuwansa duk tabo, ba ya rabo da kwalbar shayi. Surukina yana ce masa lawban, wato maigida da yarensu. Da na leƙa rumfarsa sai na tsaya. Farfela ce rataye tun daga ƙasa har rufi, kamar jeren kwanonin amarya, manya da ƙanana, masu kunne uku, masu kunne huɗu, wasu suna ɗaukar ido, wasu dishi-dishi. Farfela ita ce fankar nan da ke gindin inji a cikin ruwa, ita ke tura jirgi. Mu a gida iri ɗaya muka sani, wadda ta zo da inji, sai ta karye a nemo irinta. Ban san suna da dangi haka ba. Ta jikin jirginmu mai kunne uku ce, ta farin ƙarfe, har kana ganin fuskarka a ciki. Na shafa ta na ce a raina, yawwa, wannan ta dace da mu.

Tsoho ya ƙi kowa ya shiga sai da rigar ruwa. Ta Hajiya ta ƙi rufuwa. Ta ce a kawo babba, ya girgiza kai yana "meyo, meyo", babu ke nan. Sai da ya ƙara mata igiya aka ɗaure ta kamar ƙunshin goro. Muka shiga da jakunkunanmu, ya kama sitiyari, ya fita da mu tsakiyar ruwa, ya tura hannun wuta.

Inji ya yi gurnani. Hancin jirgi ya ɗaga yana kallon gajimare, gindi ya nutse, muka yi ta tura ruwa a gaba kamar sa yana jan garma a laka. Na jira ya kwanta. Bai kwanta ba. Tsoho ya ƙara wuta har ƙarshe, gurnanin ya ƙaru, tafiyar tana nan yadda take.

Hajiya ta ce, "Wannan shi ne mai tashi sama? Jakin kakana ya hi shi sauri."

Na ce, "Ba a yi shi don ɗaukar rumbu ba. Ki sauka ki ga aiki."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma kunnena yana kan inji. Nishin injin nan na san shi, shi ne nishin tsohon injinmu in an cika jirgin katako ranar kasuwa. Na tuna saƙon da na aika, na tuna masu cikin da suka ji shi.

Da muka dawo gaɓa tsoho ya yi wa surukina doguwar magana yana nuna wani agogo mai allura kusa da sitiyari. Surukina ya juyo, kuma da yake ba zai dube ni ba, Hajiya ya duba.

Ya ce, "Hajiya, ba matsala ba ce. Ya ce nauyi ne ya yi yawa. Ai can gida ba haka za a shiga ba. Direba ne, da marar lafiya, da mai jinya guda. Haka na gaya masa tun farko, shi ya sa ya ɗaura wannan."

Ashe lissafin motar asibiti ya yi. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ruwan da ya sani na famfo ne. To amma 'yata tana gida da jariri, ba wanda zai kai masa maganata. Sai na juya wajen taubashiyata.

Na ce, "Hajiya, ki tambayar mini maigidan 'yata, in mace tana naƙuda, uwarta a ina za ta zauna?"

Abin nema ya samu. Hajiya ta gyara tsayuwa cikin ɗaurin goronta ta ce, "Alhaji, surukarka ta ce, uwar yarinya hwa? Iyo za ta yi ta biyo ku?"

"Ki ce masa in haihuwar fari ce uwar ba ta taɓa ta, kunya take, sai gwaggo. Ga ungozoma, ita ta fara aikin, ba ta sakinsa a rabi. Ga miji. Ga ɗan'uwanta namiji, ko za a nemi jini. Ga mai riƙe gora a hanci yana duba kututture. Ga tukunya da tabarmi da ƙullin gari na masu jinya, ga jarkar man dawowa."

Hajiya ta maimaita duka, ta ƙara da akuya, wadda ni ban faɗa ba.

Surukina ya ce a hankali, "To ai sai a kafa doka, a ce mutum uku kawai."

"Ki gaya masa a gungunmu ba a barin mutum a bakin ruwa. In aka ce uwa ba ta shiga, 'yar ma ba za ta shiga ba. Za su koma wa jirgin katako, wannan ya zauna a ɗaure yana ƙyalli."

Har sai da na ji tausayinsa. Sannan ya juya ya fassara wa tsoho, ya daɗe yana bayani. Tsoho yana ji yana lanƙwasa yatsu, da yatsun suka kusa ƙarewa sai ya buge cinya ya fashe da dariya. Ya ce shi ma a cikin jirgi aka haife shi, kuma ranar, in ji uwarsa, har kajin gidan suna ciki. Ya ce farfelar da ya ɗaura daidai take da jirgin da aka gaya masa, yanzu kuma an gaya masa wani jirgin. Sannan ya nuna su Hajiya ya ce kada ko ɗaya ta tafi, yau su ne ma'auni.

Hajiya ta ce, "Kun ji ko? Ba don Katsina ba da Kabi ta nutse."

Tsoho ya ciro farfela biyu daga bango ya ajiye a ƙasa, ya nuna mana murɗin kunnuwansu, na ɗaya ya fi na ɗaya kwanciya. Ya ga ba mu gane ba. Sai ya ajiye kwalbar shayinsa ya ratsa filin da dogon taku, hannu sake, kamar saurayi za shi zance. Ya dawo ya saɓa jarkar ruwa a kafaɗa ya sake gwada dogon takun, ya yi tangal-tangal kamar zai faɗi. Sannan ya gajarta taku, ya bi ɗas-ɗas-ɗas da sauri har bakin rumfa. Kafin surukina ya buɗe baki na gane. Wace mace ce ta taɓa hawo gangaren rafi da tulu a ka tana dogon taku? Ashe kowace farfela da takunta. Mai ƙyallin nan dogon taku gare ta, ta jirgi marar kaya ce. Da aka ɗora mana nauyi inji ya kasa juya ta yadda ya kamata, shi ya sa allurar agogo ta tsaya ƙasa da inda masu injin suke so. Tsoho ya ce in aka ci gaba da tilasta masa haka, ba da daɗewa ba zai gaji ya mutu.

Ya ɗaga gindin injin sama, ya tokare kunnen farfela da guntun katako, ya zare ƙusa, ya kwance noti, ya shafa giris, ya zura wata mai kunne uku mai gajeren taku. Muka sake ɗurawa. Wannan karon jirgi ya yi ta kokawa, ya yi ta kokawa, sai da tsoho ya yafito Hajiya ta rarrafa ta koma can hanci sannan ya kwanta ya ɗauki gudu. Mata suka saki ihu. Iska ta kwashe mayafin ɗaya daga cikinsu, sai kifayen Panyu suka gaji shi.

Hajiya tana riƙe da ƙarfe tana cewa, "Ko a ruwa sai an sa Katsina gaba ake tahiya!"

Amma wani jirgin yashi ya wuce ya turo mana igiyar ruwa, tsoho ya ɗan sassauta wuta, nan da nan jirginmu ya sake zama a gindi. Da muka sauka na ce wa Hajiya ta gaya musu mai naƙuda a kwance take a tsakiya, masu riƙe da ita suna kewaye da ita, ba wanda zai ce musu ku tashi ku koma hanci. Kuma ruwanmu in iska ta taso da yamma dole a tafi a hankali, in ba haka ba jirgi ya riƙa buga ta da ƙasa. Ana son wanda zai rage gudu bai faɗo ba. Tsoho ya gyaɗa kai tun surukina bai gama ba.

Azahar ta yi. Muka shimfiɗa kwalaye a bakin ruwa muka yi salla, tsoho ya hana ma'aikatansa wucewa ta gabanmu. Ya kawo shayinsu marar sukari a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Hajiya ta buɗe jaka ta fito da kilishi. Ya gutsura, ya yi tari, hawaye suka zubo masa, ya ce "sheshe", wato ya gode, ya miƙo hannu a ƙara. Ni dai na juya baya na ci nawa, don surukina yana wurin.

Bayan nan tsoho ya shiga can ƙuryar rumfa ya fito da wata mai kunne huɗu. Ba ta da kyau ko kaɗan, dishi-dishi, gajera, mai faɗin kunne. Na dube ta na dubi mai ƙyallin da ke kwance a ƙasa, raina bai so ba. Ya ɗaura ta, ya ce kowa ya zauna inda ya ga dama, ni kuma in kwanta a tsakiya a matsayin mai naƙuda. Hajiya ta ce ita ce ungozoma, Allah ya jiƙan jaririn da zai faɗo hannunta.

Ina kwance ina kallon sama na ji ya tura wuta. Hanci ya ɗan ɗaga, kafin in gama salati ya kwanta. Ƙarar ruwa a ƙarƙashin bayana ta canja, ta koma shuuu, kamar ana sheƙar gero. Ya rage wuta, jirgi bai faɗo ba. Ya ƙara ragewa, yana nan a sama. Na tashi zaune zan yi guɗa ke nan sai ya karya kwana, injin ya ƙwalla wata irin ƙara, jirgi ya yi sanyi kamar an sake shi. Farfela ta saki ruwa ta kama iska. Tsoho ya yi tsaki irin nasu ya juyo da mu.

Na ce a raina, yau kam ana fafe gora ranar tafiya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya cire ta ya kai kan wata uwar maƙera, ya ɗauki 'yar guduma ya shiga bin bakin kunnen, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana ɗan naɗe shi ciki kamar leɓen ludayi. In ya gama kunne ɗaya sai ya shafa da babban yatsa, ya ɗora wani ɗan ƙarfen awo, ya koma na gaba, don dole duka huɗun su zo ɗaya, in ba haka ba ta riƙa karkarwa. Na tsuguna kusa da shi ina kallo kamar yadda nake kallon maƙerin garinmu yana gyaran mashi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Ya kama yatsana ya bi da shi bakin kunnen, na ji ɗan leɓen, ya dunƙule hannu ya nuna mini yadda zai damƙi ruwa. Na ce, "Madalla." Ya ce, "Madalla," har da kwaikwayon muryata.

Rana ta yi sanyi muka shiga gwaji na ƙarshe. Jirgi ya taso ya kwanta. Tsoho ya karya kwana hagu, ta riƙe. Ya karya dama, ta riƙe. Allura ta hau ta zauna daidai inda ya yi mata alama. Sai ya matsa ya ba surukina sitiyari, ya tsaya a bayansa. Bawan Allah ya kama da hannu biyu yana tafiya a ɗarare kamar mai tura baro cike da ƙwai. Ga ruwa shimfiɗe a gabanmu, ba kowa, ga injin yana waƙa da murya wasai. Ban san lokacin da na damƙi hannun rigarsa ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, ƙara mata wuta mana! Tsoron me kake ji?"

Ya juyo ya dube ni, na dube shi, karo na farko ido cikin ido tun da aka ɗaura auren. Hajiya ta rangaɗa guɗa tun ƙarfinta ta ce, "Jama'a, surukuta ta hwaɗa ruwa!" Shi kuwa ya ce, "To, Inna," ya tura hannun wuta har ƙarshe. Muka bi kogin nan muna ihu, tsofaffi da mu, masu kamun kifi a gaɓa suna ɗaga mana hannu.

Da muka dawo surukina ya ɗan yi ƙorafi, wai gudun bai kai na ranar farko ba. Tsoho ya ce wancan gudun na mutum uku ne, wa zai hau shi? Ya yi gargaɗi a gaya wa direba, in zai dawo ba kaya kada ya tura wuta har ƙarshe, don mai gajeren taku in ba nauyi tana sa inji ya zarce, ya riƙa duba allura kada ta shiga ja. Na sa aka ba shi labarin kututturan itatuwan da ruwa ya cinye a wajenmu, sai ya ƙara mana wata mai irin takun, ta alminiyam, wadda in ta daki itace ita ke lanƙwasa ta bar injin lafiya.

Sannan ya ce kada mu sauka tukuna. Muna zaune ya leƙa gefen jirgi ya yi alama ɗan sama da inda ruwa ya tsaya. Da aka jawo jirgin tudu ya kawo jan fenti ya ja layi a nan, gefe da gefe. Ya ce in ruwa ya taɓa layin nan, ko mai kunne huɗun ba za ta ɗaga shi ba, kuma jirgin ba abin yarda ba ne.

Hajiya ta ce, "To ke da kika ce ba ku barin mutum, wa za ya hana uwar wani shiga?"

Na ce, "Ba mutum zai hana ba. Layi ne."

Mai ƙyallin nan surukina ya ƙi mayarwa. Tana kan teburinsa a Tianxiu har yau, yana danne takardu da ita. Kunyarmu kuma ta dawo washegari kamar ba a yi komai ba, sai dai yanzu in ya gaishe ni nakan ɗan juyo.

Jirgi ya iso gungu bayan na koma gida. Na tara mutane na nuna musu layin, kowa ya ce ya ji, amma na san ji daban, ranar daban. Ranar ta zo cikin damina, bayan la'asar. 'Yar maƙwabtanmu ce, haihuwar fari, tun safe abu ya ƙi. Aka kwantar da ita a tsakiya. Uwarta ta shiga, gwaggo ta shiga, ungozoma, miji, mai gora, tukunya, tabarmi, jarka. Ni ma na shiga na zauna a wurina, don tun da jirgin ya zo ba ya tashi ba ni, ai ni na kawo shi. Direba ya tayar da inji ke nan sai ga wan yarinyar ya taho da gudu daga gona yana ɗaga hannu. Aka matsa masa, yadda aka saba. Ya shigo. Na leƙa gefe, na ga ruwa yana lasar jan layi.

Kowa ya gani. Kowa ya ɗauke kai. Direba ya dube ni, uwar yarinya ta dube ni. Na dubi saurayin, jininsa ake so a can. Na dubi kaina, ni me za a yi da ni a can in ba labari ba? Na tattare zanena na miƙe.

Gwaggon ta ce, "Haba Inna, zauna mana, a lallaɓa."

Na ce, "Ba ku kuka ce in sauka ba. Layi ne."

Na taka ruwa har gwiwa na fito. Layi ya ɗago sarai. Direba ya tura wuta, hanci ya ɗan ɗaga, ya kwanta, suka miƙe. Na tsaya a bakin ruwa ni kaɗai ina sauraron injin, muryarsa wasai ba nishi, har ya ɓace. Tun da aka kafa gungunmu ni ce ta farko da jirgi ya tashi ya bari, kuma ba na jin an taɓa barin wanda ya kai ni farin ciki.

Ana kiran magariba waya ta yi ƙara. An sauka lafiya, a kan gadon asibiti, mace, uwa da ɗiya ƙalau. Na sa aka danna mini wurin magana na ba Hajiyar Maradi labari tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Ba a jima ba amsarta ta shigo, tana dariya har tana shaƙewa.

Ta ce, "Barka, barka, Allah shi raya. To amma tsaya, tsohuwar kihi. Kin sauka jirgi ya tashi? Ashe tun can ke ce rumbun!"